Rokar ruwa da jirgin kwali: me yara za su iya haɗawa da hannunsu a makaranta?

Hedimasta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Makon sararin samaniya na duniya yana tafe, daga 4 zuwa 10 ga Oktoba. Abin da aka saba yi shi ne a tara yara a ƙarƙashin bishiya, a gaya musu cewa Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957, a nuna musu hoton tauraron ɗan Adam, a watse. Ina neman shawarar masana. Makarantar da ke da yara 60 zuwa 80 a aji, ba ɗakin gwaje-gwaje, ba wutar lantarki, wane aiki ne yara za su yi da hannunsu har su gane yadda jirgi da roka ke tashi? Ina nufin 'yan firamare 4 zuwa 6 da 'yan ƙaramar sakandare. A taimaka da bayani dalla-dalla, har da abin da kan lalace.

Malam Fiziks:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Rokar ruwa ita ce amsa ta farko. Ana yin ta da gorar roba ta lemo mai gas, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a kifa ta, a bunƙa mata iska da famfon keke, a sake ta. Iskar da aka matse ce ke tunkuɗo ruwan ƙasa, ruwan kuma ya tunkuɗa gorar sama. Dokar Newton ta uku ke nan, kuma da ita rokar da ke kai tauraron ɗan Adam ke aiki, sai dai ita hayaƙi mai zafi take fitarwa.

Gora ita ce abu na farko da ake kuskure a kai. Sai ta lemo mai gas, domin ita aka yi don ta jure matsi. Gorar ruwan sha ba ta yi ba, bangonta siriri ne. Mai lita 1 ko 1.5 ta fi kyau, amma ƙananan na santilita 50 ko 60 ma suna tashi, kuma sun fi sauƙin samu da yawa. A duba ta a haske: in akwai karce mai zurfi, ko lanƙwasa da ta yi fari, ko ta daɗe a rana a bola, a jefar. Gora biyu ake bukata ga kowace roka. Ɗaya ba a taɓa ta da almakashi ko allura ko kaɗan, ita ce tankin iska. Ta biyun a yanke kanta a kifa a gindin ta farko ya zama hanci, a yanke tsakiyarta ta zama siket da za a manna fikafikai a kai.

Da gora mai lita 1.5, ruwa rabin lita, iska mai matsin bar 4, wato kusan psi 60 a gejin famfo, rokar da aka haɗa da kyau takan kai mita 30 zuwa 50.

Malama Firamare:
Malam, me ya sa sai kashi ɗaya cikin uku? Yara za su ce a cika ruwan don ta fi nisa, kuma ina so in sami amsar da zan ba su.

Malam Fiziks:
Malama, shawarata kada ki ba su amsar, ki bar su su gano. Amma ga dalilin don ke ki riƙe. Ruwa shi ne abin da ake jefarwa, iska ita ce ke jefa shi. In ruwa ya yi kaɗan, turawar ta ƙare tun roka ba ta sami gudu ba. In ya yi yawa, matsala biyu ce: nauyi ya ƙaru, kuma wurin iska ya ragu. Ɗauki gora mai lita 1.5 da aka zuba wa lita 1.2. Iskar da ta rage lita 0.3 ce kawai. Kafin ruwan ya fita duka sai ta buɗe ninki biyar, kuma da ta yi haka ƙarfinta ya sauko daidai da na iskar waje. Shi ya sa za ki ga irin wannan rokar ta tashi da kyar tana ta zubar da ruwa, ta faɗo da saura a cikinta. Da rabin lita kuwa iskar ninki ɗaya da rabi kawai take buɗewa, har ƙarshe da sauran ƙarfinta.

Ki raba yara rukuni-rukuni. Wannan babu ruwa sam, wannan mililita 250, wannan 500, wannan 750, wannan lita 1. Gora iri ɗaya, iska ɗaya, kowanne ya harba sau uku. Da an rubuta sakamakon a allo, amsar za ta fito da kanta.

Malam Lissafi:
To nan fa gizo ke saƙar. In ba a auna tsawon da roka ta kai ba, an yi wasan ruwa ne kawai, kowa ya ce tasa ce ta fi. Aunawar ba wuya. A ɗauki ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi, a manna bututun biro a kan miƙaƙƙen gefensa, a ɗaura zare a tsakiyarsa, a rataya noti a ƙarshen zaren. Yaro ya tsaya mita 50 daga wurin harbi, ya bi roka da ido ta cikin bututun. Da ta kai ƙololuwa sai ya danne zaren da yatsa, abokinsa ya karanta. In bututun yana kwance zaren kan 90 yake, don haka a cire abin da aka karanta daga 90, shi ne kusurwar.

Daga mita 50, digiri 30 yana nufin tsawon mita 29, digiri 35 mita 35, digiri 40 mita 42, digiri 45 mita 50, digiri 50 kusan mita 60. A ƙara mita ɗaya da rabi na tsayin idon mai kallo. 'Yan firamare ba sai an kai su ga tanjan, wato lissafin fitar da tsawo daga kusurwa, ba. Su ja layi mai santimita 10 a takarda a matsayin mita 50, su zana kusurwar a gefe ɗaya, su ja layi a tsaye a ɗaya gefen, su auna inda suka haɗu, kowace santimita mita 5 ce.

Abin da ke ɓata lissafin shi ne iska. In roka ta karkato wajen mai aunawa, kusurwa ta ƙaru, sai a ɗauka ta yi sama fiye da gaskiya. Maganinsa a sa masu aunawa biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, nisa ɗaya, a haɗa sakamakonsu a raba biyu. Wasu na amfani da agogon waya su ƙirga daƙiƙun da ta yi a sama, su ninka adadin da kansa sannan su ninka da 1.2. Daƙiƙa 6 ta ba da kusan mita 43. Yana da amfani don kwatanta roka da roka, amma lissafin ya yi kamar babu turjiyar iska, alhali gora marar nauyi a hankali take saukowa, don haka kada a dogara da shi.

Malama Firamare:
Madalla. Saura abin harbawa. Na ga ana huda toshiyar kwalba a soka allurar bunƙa ƙwallo, a toshe bakin gorar. Wannan ai ya fi sauƙi da araha.

Injiniya:
Ya fi sauƙi, Malama, amma ban yarda da shi a cikin taron yara ba. Toshiya ita ke zaɓar lokacin da za ta fita, ba malami ba. Tana iya fita yaro na sunkuye a kan gorar. Sannan yau ta fita a psi 20, gobe a 35, gwargwadon yadda aka danna ta, ka ga gwajin da Malam Fiziks ya tsara ya rushe tunda iskar ba ɗaya ba ce.

Mutane na raina ƙarfin abin nan don sun ji an ce ruwa. Bakin gora faɗinsa kusan milimita 22 ne. A bar 4, ruwa na fita da gudun kusan mita 28 a daƙiƙa, kuma turawar farko ta kai nauyin kilo 30 a kan abin da bai kai kilo ɗaya ba. Ruwan duka yana ƙarewa kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, roka kuma ta wuce gudun kilomita 100 a awa tun ba ta fi tsayin ɗaki ba. In ta sami fuska a lokacin, ido na iya tafiya. Dole a sami abin da ke riƙe ta har sai an ja igiya daga nesa.

Malam Fiziks:
Injiniya, ina tare da kai a kan taro da gwaji. Amma ga malamin ƙauye da ba shi da mai haɗa masa fayif, toshiya da doguwar tiyo ta mita 5, shi kaɗai ke bunƙawa yara na nesa, ta fi a ce ba a yi komai ba. Sharaɗi dai gorar ta zauna a cikin abin da zai tsayar da ita sak, kamar bokiti da aka huda ko sanduna uku da aka kafa, kuma da an fara bunƙawa ba mai matsowa.

Injiniya:
In malami ne kaɗai, kuma don nuni ne, ba zan ja ba. Da hannun yara kuwa a'a.

Mai Aikin Famfo:
Bari in sa baki, don wannan ɓangaren namu ne. Abin harbawa mai igiya ba ya cin kuɗi kamar yadda ake zato. Kayan su ne fayif na PVC mai rabin inci, na ruwa mai kauri, kamar mita biyu, da mahaɗi mai baki uku guda biyu, da marufin fayif uku, da gam na PVC, da bawul ɗin tayar tubles daga wurin mai faci, da maɗaurin roba mai haƙora irin wanda masu wayarin ke ɗaure waya da shi guda takwas, da kilif na tiyo, da guntun fayif mai inci ɗaya da rabi tsawon santimita 5, da igiya mita 10.

Ku tafi shago da gorar a hannu. Fayif ɗin da ya dace yana shiga bakinta da ɗan matsi kaɗan. Kada a yarda a karɓi fayif ɗin wayarin mai milimita 20, siriri ne, ba a yi shi don matsi ba, kuma yana lilo a bakin gora.

A haɗa gindi ya kwanta a ƙasa da ƙafafu, a tayar da guda ɗaya tsaye mai santimita 50. A huda marufi ɗaya da bakin dirili mai milimita 11.5, a zaro bawul ɗin ta ciki har ya zauna, nan famfo zai kama. Wurin da bakin gora zai zauna, kamar santimita 20 daga saman fayif ɗin tsaye, shi ke bukatar hannu. A juya wurin a kan kyandir daga nesa-nesa har ya yi laushi, ba tare da ya ƙone ba, sai a tura ɓangarorin biyu su haɗu kaɗan, wurin ya ɗan kumbura, a riƙe shi miƙe a tsoma a ruwa. Wannan kumburin ne ke toshe bakin gora. In ya yi baƙi, ya ƙone, a yanke a sake. Tsawon santimita 20 ɗin nan da ke shiga cikin gora yana da amfani biyu: bakinsa na sama da ruwa don haka ruwa ba ya gangarowa cikin famfo, kuma yana saita roka ta tashi sak.

Sai a jera maɗauran takwas kewaye da fayif, kawunansu na kallon ciki suna kama zoben da ke wuyan gora, a naɗe su da salatif, a ɗaure da kilif. Guntun babban fayif ɗin nan shi ne makulli. In aka tura shi sama ya rungume maɗauran, gora ba ta fita. In aka ja igiya ya sauko, su buɗe, ta tashi. A bi da igiyar ta ƙarƙashin wani ƙarfe ko ƙugiya a gindi don jan ya zama ƙasa, kuma a danne gindin da bulo biyu. In ba haka ba, yaro zai ja igiya abin ya kifo ya kalli jama'a.

Gam ɗin PVC a bar shi awa 24 kafin a sa iska. Kuma kada a bar abin a rana yana ajiye, PVC da rana ta ci yakan yi gautsi, in ya fashe tarwatsewa yake yi.

Hedimasta:
Allah ya saka da alheri. Wannan zan iya kai wa mai famfon unguwa ya haɗa. To ita gorar fa, ba ta fashewa?

Injiniya:
Lafiyayyar gorar lemo ba ta fashewa sai an wuce psi 100 da nisa, amma ba a san tarihin gorar da aka tsinto ba. Don haka iyakar yara psi 60, 'yan firamare ma 40 ya ishe su. Famfo marar geji bai dace ba, kuma kada a kusanci kwamfaresar mai faci, tana wuce iyaka kafin a ankara. Kafin ranar harbi malami ya gwada kowace gora shi kaɗai: ya cika ta da ruwa fal, ya ɗora, ya rufa mata buhu, ya kai ta psi 80 na minti ɗaya. Ana cikawa da ruwa ne don ruwa ba ya matsuwa, in ta fashe tsagewa kawai za ta yi, ba ƙara ba tarwatsewa.

Zafi ne babban maƙiyin robar nan, tana fara laushi tun wajen digiri 70 na ma'aunin Salsiyos. Saboda haka ba a manna mata komai da gam mai zafi na bindiga, ba a wanke ta da ruwan zafi, ba a barin ta cikin mota a rana. Salatif mai faɗi shi ne abin mannawa. Ba a kuma goge ta da sanfefa.

A filin, kowa ya koma bayan layi mita 15, masu bunƙawa da mai jan igiya kaɗai ke gaba, su ma a gefe, da tabarau na kariya in an samu. Fili ya zama babu wayar lantarki, babu titi kusa, kuma makarantar da ke dab da filin jirgin sama ta nemi wani wuri. In an ja igiya roka ta ƙi tashi, ba mai zuwa ya leƙa. A saki iskar ta wurin bawul tukuna. Yara su ƙirga da ƙarfi daga biyar zuwa ɗaya kafin kowane harbi, don kowa ya ɗaga kai ya ga inda za ta faɗo.

Wani abu kuma: kada wani ya kawo maganar kan ashana, ko albarushi, ko kalanzir, ko sukari da taki da ake gani a intanet. Ba su da wuri a makaranta.

Malama Firamare:
Na fahimta. Wata tambayar: me ke sa wata rokar ta tashi tana wulwulawa kamar an jefa takalmi, wata kuma ta tafi sak?

Injiniya:
Wurare biyu ne ke faɗa da juna a jikinta. Akwai inda nauyinta ya daidaita, wanda za ki samu in kin ɗora ta a kan yatsa babu ruwa a ciki. Akwai kuma inda iska ke turawa in ta bugo ta daga gefe. Dole wurin nauyi ya kasance gaba, wajen hanci, wurin iska ya kasance baya, tazararsu aƙalla faɗin gora ɗaya. Gora tsirara ba ta cika wannan sharaɗi ba, shi ya sa take juyi.

Gyara biyu ne. A sa nauyi a hanci, yumɓu ko ɗanyen laka giram 30 zuwa 50 a cikin leda, a manne shi sosai a tsakiya don kada ya goce. Dutse da ƙusa da batir haramun ne a nan, domin abin da ya hau zai sauko. A rufe saman da soso ko rabin ƙwallon tanis. Sannan fikafikai uku ko huɗu, girma ɗaya, kamar santimita 10 a jiki da 7 a waje, a can ƙarshen baya, in sun ɗan zarce bakin gorar ma ya fi. Kwali yana yi amma yana jiƙewa a harbi na biyu, sai an naɗe shi da salatif duka. Robar tsohon fayil ko jikin jarka sun fi ƙarko. Don a raba su daidai, a naɗa takarda a jikin gora, a ninke ta uku ko huɗu, a yi alama. Fiffike ɗaya da ya karkace ya isa ya sa ta dinga murɗawa tana asarar tsawo.

Kafin a kai ta fili, a ɗaura zare mai mita ɗaya da rabi a daidai wurin nauyin, yaro ya juya ta a saman kansa. In hanci ne ke gaba, ta yi. In tana tafiya a gicciye ko da baya, a ƙara yumɓu kaɗan ko a faɗaɗa fikafikai. Nauyin ma kada ya yi yawa, kuma kada ya yi kaɗan, don roka marar nauyi iska ce ke tsayar da ita nan da nan. Wannan ma gwaji ne mai kyau ga wani rukuni: giram 0, 20, 40, 80.

Malam Fiziks:
A kuma sa yara su ɗauko gorar da zarar ta faɗo. Za su ga hazo a ciki, su ji ta yi sanyi. Iskar da ta buɗe da sauri ce ta huce har tururin ruwa ya koma ƙananan ɗigon ruwa ya zama hazo. Daga nan malami na iya shiga bayanin yadda girgije ke haɗuwa.

Laimar sauka kuwa a bar ta sai zango na biyu. Ana yin ta da babbar leda, da'ira mai faɗin santimita 60, zare takwas, a barbaɗa hoda don kada ta manne. Amma hancin da ke ɗauke da ita yakan ƙi rabuwa, ko ya rabu tun a tashi, kuma yara kan karaya.

Hedimasta:
Roka ta samu. Ɓangaren jirgin sama fa? Ko a bar su da jirgin takarda da suka riga suka iya?

Malam Fiziks:
Jirgin takarda ya isa a fara, in za a auna. A sake shi daga tsayin mita ɗaya da rabi ba tare da wurgi da ƙarfi ba, a auna inda ya sauka. In ya yi mita 6, duk mita ɗaya da ya sauko ya ci mita 4 gaba. Da wannan adadi ake kwatanta jirage. Daga nan sai a koma mai fiffike na gaske. Yaranmu sun iya sarrafa kara, suna ƙera motoci da shi, kuma sillen kara busasshe ba shi da nauyi, ya dace da gangar jiki, santimita 30. Fiffike daga farantin soso na abinci, tsawo 30 faɗi 6, jela mai kwance 12 da 4, jela mai tsaye 5. A ɗaure fiffiken da robar kuɗi don a iya matsar da shi gaba ko baya, a sa ɗan yumɓu a hanci. Bayanin ɗagawa kuma shi ne iskar saman fiffike ta fi ta ƙasa gudu, matsinta ya ragu, kamar yadda ake nunawa da hura iska a kan takarda.

Injiniya:
Malam, gudun iskar sama da raguwar matsi gaskiya ne. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne dalilin da littattafai da yawa ke ƙarawa, wai hanyar sama ta fi tsawo don haka iskar ke sauri don ta riski ta ƙasa a baya. Ba ta jiran kowa, tana ma riga ta ƙasa isa. Kuma fiffiken sosonka shimfiɗaɗɗe ne, sama da ƙasa tsawo ɗaya, ga shi yana tashi. Yaro mai kaifin basira zai kama malami a nan. Bayanin da ba ya karyewa shi ne fiffike na karkata iska ƙasa, iska na tura shi sama. A riƙe kwali mai santimita 20 da 30 a gaban fanka, ko a yi gudu da shi in ba wuta. A kwance ba a jin komai. A ɗan ɗaga gabansa, sai a ji yana neman tashi. A ci gaba da ɗagawa, ɗagawar ta ɓace, ya koma ja da baya kawai. Fiffiken jirgi na gaske yakan kai wannan matsayi a wajen digiri 15, kuma yana cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗalibin tuƙin jirgi ya gane ya kuma fita daga ciki.

Wajen saita ƙaramin jirgin, ya daidaita a kan yatsu biyu a kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. In ya ɗaga kai ya tsaya ya faɗo, ya sake ɗagawa, bayansa ya yi nauyi, a ƙara yumɓu. In ya nufi ƙasa kai tsaye, a rage yumɓu ko a ɗan lanƙwasa bayan jela sama milimita 2. In yana kifewa gefe, a ɗaga ƙarshen fikafikan biyu sama kamar santimita 3 kowanne. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a cikin aji ko zaure, don iskar waje ba ta barin a gane abin da gyaran ya yi.

Malam Fiziks:
Na karɓi wannan, gwajin kwalin ya fi hura takarda nuna abin da ake so.

Mai Kallon Taurari:
Kada a manta da sararin samaniyar kanta, kuma ita ce mafi araha. A ɗauki ƙwallon ƙafa mai faɗin santimita 22 a ce ita ce Duniya. Wata zai zama lemon zaƙi ƙarami mai santimita 6. A tambayi yara ina za a ajiye shi, yawanci za su sa shi kusa, alhali wurinsa mita 6.6 ne. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da ke kusan kilomita 400 sama tana zagaya Duniya duk minti 90, milimita 7 ce kawai daga fatar ƙwallon. Taurarin sadarwa irin NigComSat-1R na Najeriya da aka harba daga Sin a Disamban 2011 suna kusan kilomita 36,000, wato santimita 62 daga ƙwallon. A can zagaye ɗaya kwana guda yake ci, daidai da juyin Duniya, shi ya sa kwanon dish na gida ke kallon wuri ɗaya ba ya motsi. Rana kuwa faɗinta zai zama mita 24, a nisan kilomita 2.6.

Don sifofin wata, a duba kwana 19 zuwa 23 na watan Musulunci. Da safe lokacin taron asambili wata na nan a sama wajen yamma. Yaro ya ɗaga lemo a rana ya saita shi da watan, zai ga hasken da ke kan lemon ya yi sifa ɗaya da na watan. A ja musu kunne sosai kada su kalli rana, ko da tabarau baƙi.

Akwai kuma aikin sanda da inuwa na wani zangon. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da 10:27, rana na tsaye a saman Ka'aba. A kafa sanda tsaye sak, a gwada da zare mai noti. Layin da ya taso daga ƙarshen inuwa zuwa gindin sandar alƙibla yake nunawa.

Malam Lissafi:
Kan yawan yara, ranka ya daɗe, aji mai 80 a raba shi rukuni 16 na mutum biyar: mai ruwa da mazubi mai awo, mai famfo, mai igiya, mai kusurwa, mai rubutu, su dinga juyawa. A lura 'yan mata su riƙe famfo da igiya su ma, kada a bar musu rubutu kaɗai. Darasi mai minti 40 ba ya ɗaukar harbi fiye da goma da abin harbawa ɗaya, don haka a yi biyu, ko a raba kwanaki. Mako na farko haɗawa da gwajin zare, na biyu ma'aunin kusurwa a gwada shi a kan bishiya ko tankin ruwa, na uku harbi, na huɗu zana sakamako a jadawali.

Injiniya:
In ana son ziyara daga baya, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya tana nan tun 1964, akwai kuma cibiyar fasaha ta sojojin sama a Kaduna. Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999 ta kuma harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003, hedikwatarta na Abuja, tana da cibiya a Toro ta jihar Bauchi. A rubuta takarda a hukumance da wuri, a jira amsa kafin a ɗauki mota. 'Yan Kano kuma a gaya musu a garinsu jiragen sama suka sauka tun 1925.

Malama Firamare:
Tambaya ta ƙarshe ga mai aikin famfo. In ana bunƙawa ruwa na tsiyaya ta bakin gora, geji ya ƙi hawa, ina matsalar?

Mai Aikin Famfo:
Hajiya, yawanci maɗauran ne suka yi sama, ba sa danne gorar a kan kumburin. A saki iska, a kwance kilif, a sauko da su milimita ɗaya ko biyu har sai makullin na shiga da ɗan ƙarfi, a ɗaure. In bai daina ba, a naɗa farin tef na famfo zagaye huɗu ko biyar a kan kumburin, a shafa man basilin kaɗan. In kuma ba ruwa ke fita ba amma geji na sauka, a shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗi da gindin bawul, inda kumfa ta taso nan ne. Mahaɗin da ke yoyo ba a shafe shi da gam ta waje, yanke shi ake yi a sa sabo. Ɗigo kaɗan a farkon bunƙawa ba komai ba ne, yakan tsaya da kansa in geji ya wuce psi 15.